Malam, ka fara ragewa da riyal kafin ka buga da naira

Tambaya:

Assalamu alaikum Yaya. Ni malamin Turanci ne a wata makarantar kuɗi a Zariya, shekarata 9 ina koyarwa, inada digiri a Turanci da PGDE (diflomar koyarwa ta bayan digiri). Albashina dubu 95, sai lesin da nake yi da yamma yana kawo min kaman dubu 60. Wani ejan ya samo min aikin koyar da Turanci a wata cibiyar koyon harshe a Riyad, riyal 4,500 a wata, yace komai da komai yana ciki. Da na buga a naira 400 sai naga miliyan 1 da dubu 800, wallahi tun ranar bana samun barci sosai. Shi ejan ɗin miliyan 2 da rabi yake so, dole sai na saida filina. Maiɗakina tace ƙafata ƙafarta, ita da yaranmu 3, bazasu zauna ba. Baba kuma yace in haƙura da tafiyar gaba ɗaya. Wani abokina yace gara ma in nemi Koriya ko Chana sun fi biya. Dan Allah a bani shawara kaina ya kulle.

Amsa:

Wa'alaikumussalam Malam, Allah ya zaɓa abinda yafi alheri. Sau biyu na karanta saƙonka kuma duka biyun waje ɗaya na tsaya, inda kace ka buga a naira 400. Ban ga laifinka ba, duk wanda aka yiwa tayin aiki a waje abun da yake fara yi kenan, ya jawo waya ya buɗe kalkuleta ya ninka, kai naka ma da ka ninka sai kaga albashin wata ɗaya ya kusa kamo abinda kake haɗawa a shekara guda da lesin ɗin da komai, to wa zai iya barci? Amma mai gidan haya a Riyad baya karɓar naira, mai kanti ma haka, da riyal zaka samu da riyal zaka kashe, abinda ya rage a hannunka ranar da wata ya mutu shi kaɗai ne yake da ikon zama naira. Shi zamu nemo yanzu.

Mu fara da maganar tafiya da iyali tunda ita tafi zafi. A Saudiyya babu harajin albashi, wannan gaskiya ne kuma ejan bai yi ƙarya ba in ya faɗa maka. Abinda basa faɗa shine kuɗin da ake karɓa akan kowane mutum da yake zaune a ƙarƙashin igamarka, wato takardar izinin zamanka a ƙasar. A watan Yulin 2017 aka fara, riyal 100 duk kai ɗaya a wata, aka dinga ƙara ɗari ɗari duk shekara har ya tsaya a 400 a 2020. Kai kana da mata da yara 3, mutum 4 kenan, riyal 1,600 duk wata, a shekara 19,200, kuma daga aljihunka ne ba na kamfani ba sai dai in an rubuta a kwantiragi cewa su zasu biya, wanda cibiyar da take biyan 4,500 ban ga alamar zata yi ba. In baka biya ba baza a sabunta musu igama ba, bizar fita da dawowa ma bazata fito ba. Kaga tun baka ci ko dabino ɗaya ba albashinka ya dawo 2,900.

Sai haya. Wannan kalmar da ejan yace, komai da komai yana ciki, ita ce wajen da ya kamata gabanka ya faɗi, don ma'anarta babu gida, babu alawus ɗin gida, babu na mota, 4,500 ɗin shikenan. Aikin koyarwa na kirki a ƙasashen Larabawa yadda aka saba shine su baka masauki ko su ɗora maka alawus ɗin gida akan gundarin albashi, yawanci kashi 25 cikin ɗari, da na zirga-zirga kaman kashi 10. Riyad kuma ba wajen wasa bane a maganar haya, hayar tayi tashin da sai da gwamnati da kanta ta dakatar da ƙarin kuɗin haya a birnin na shekara 5 a watan Satumban 2025. Mu ce ka samu ɗan gida mai ɗaki biyu a unguwar masu ƙaramin ƙarfi a riyal 24,000 a shekara, kuma in ka samu a haka an yi maka arha, 2,000 kenan a wata. Sannan yawancin masu gida ba wata wata suke karɓa ba, na wata 6 ko na shekara suke so a dunƙule, kai kuma sabon zuwa ne ko albashin farko baka gani ba. Saura nawa? Riyal 900. A cikin 900 ɗin zaka biya wuta, kuma wutar Riyad da zafi ba irin ta gida bace da zaka ce a buɗe taga a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, garin yana haura digiri 40 wata da watanni, esi kwana yake yana aiki. Ga gas, ga katin waya da data, ga cefanen mutum 5 a ƙasar da ake ɗora harajin kaya kashi 15 tun 2020, ga kuɗin mota. Ban ma zo kan makarantar yara ba, don in kana so su cigaba da karatu da Turanci makarantar kuɗi ce, kai malamin makarantar kuɗi ne ba sai na yi maka bayanin yadda ake tatsar iyaye ba.

Lissafin baya fita Malam, ko ta ina ka juya shi. In ka ɗebi iyali akan wannan albashin, matar da yau take leƙa gidansu, take zuwa biki da suna, maƙota suna miƙo mata gishiri ta katanga, zaka kai ta ka kulle a ɗaki biyu a garin da bata san kowa ba, kuma kullum kana dawowa da fuska a murtuke saboda bashi.

Yanzu in kai kaɗai ne. Ka haɗa ɗaki da wani ko ku kama gida ku uku, mu sa 900. In zaka dinga girki da kanka, shinkafa da kaza da burodi ba tsada sosai a can, mu sa 700, amma in ka koyi zaman gidan abinci kullum kabsa da shawarma to ka ninka. Jirgin ƙasan cikin gari na Riyad ya fara aiki a Disambar 2024, katin wata riyal 140 ne, in Allah yasa gidanka da wajen aikinka suna kusa da tasha ka huta, in ba haka ba tasi zata cinye ka don garin a baje yake, ba garin tafiyar ƙafa bane. Waya da data da wuta da sabulu da aski da 'yan abubuwan da basa ƙarewa mu sa 500. Gaba ɗaya zaka kashe wajen 2,300, ya rage 2,200. Yauwa, yanzu ɗauko kalkuletar taka ka buga da 400. Dubu 880. Wannan shine albashinka na gaskiya, ba miliyan 1 da dubu 800 ba, kuma a ciki zaka turo na cefanen gida da kuɗin makarantar yara da na Baba da Mama, da na 'yan'uwan da zasu fara kiranka Alhaji tun baka je Makka ba, don daga ranar da ka sauka a filin jirgi duk wanda ƙafarsa tayi ciwo a dangi lambarka za a nema. Ka yanke tun yanzu nawa ne zai dinga zuwa gida a wata, ka tsaya akai, in ba haka ba shekara 2 zata cika kazo da akwati da turare da jallabiya kawai.

Duk da haka bazan ɓoye maka ba, dubu 880 ya ninka abinda kake samu yanzu sau 5 da wani abu. Kuma riyal a ɗaure yake da dala tun 1986, dala ɗaya riyal 3.75 baya motsi, kai kuwa kaga abinda ya faru da naira daga Yunin 2023 zuwa farkon 2024, dalar da gwamnati take bayarwa ƙasa da 500 ta haura 1,500, duk wanda ya ajiye kuɗinsa da naira sai da ya ji a jikinsa. Shi yasa ban ce maka tafiyar bata da amfani ba. Tana da shi, ga mutum ɗaya mai riƙe hannunsa, in har aikin na gaske ne.

A nan ne jikina yayi sanyi, wajen miliyan 2 da rabin nan. Dokar ƙwadago ta Saudiyya, sashe na 40, ta ɗorawa mai ɗaukar aiki kuɗin ɗauko ma'aikaci, da kuɗin igama, da lasisin aiki da sabunta su, da tikitin komawa gida in kwantiragi ya ƙare. Inshorar lafiya ma dole ce akansa. To ka zaunar da ejan ka tambaye shi cikin mutunci, wannan kuɗin na mene ne, ya rubuta maka ɗaya bayan ɗaya. Gwajin lafiya da tantance satifiket a ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje a Abuja da ofishin jakadancin Saudiyya, waɗannan eh zaka iya kashe naka, shima ejan yana da ladan wahalarsa, amma ba su zasu kai kuɗin fili ba. Ka tambaye shi kuma ko yana da lasisin ɗaukar ma'aikata zuwa waje daga ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, ya nuna maka takardar, mai gaskiya baya jin haushin wannan tambayar. Sannan ka nemi sunan cibiyar, ka nemo su da kanka a intanet, kayi magana da wani malami da yake koyarwa a wajen yanzu. Ni abinda yafi ɗaure min kai ma baka ce anyi maka intabiyu ba. Wace makaranta ce zata ɗauki malamin Turanci bata ji bakinsa ba? Ko nan gida sai an sa ka shiga aji ka koyar an gani.

Ka duba irin bizar da kyau. In aka ce maka ka shiga da bizar umara ko ta ziyara in ka isa za a juya maka ita, ka miƙe ka karkaɗe rigarka, aiki da irin wannan bizar laifi ne, kuma mu Hausawa ba baƙin labarin bane, ba unguwar da babu wanda aka tiso ƙeyarsa daga Jidda da kayan jikinsa kawai. Haka wadda suke cewa bizar 'yanci, wai kafili, wato wanda bizarka take ƙarƙashin sunansa, ya kawo ka ya sake ka kaje ka nemi aiki kana biyansa duk wata, ita ma haramtacciya ce a dokarsu. Ka duba sana'ar da aka rubuta a bizar, in kaga lebura ko direba alhali koyarwa zaka yi, to da matsala, don sana'ar da take kan igamarka ita ake dubawa ko ranar da kaso ɗauko iyali. Kwantiragi na gaske ana shigar dashi a manhajar gwamnati mai suna Qiwa, abinda yake ciki shi hukuma ta sani, ba abinda aka faɗa maka a WhatsApp ba. Akwai waɗanda a gida aka nuna musu adadi ɗaya, suka isa can aka miƙo musu takarda da Larabci da wani adadin daban, suka sa hannu don sun riga sun saida abinda suka mallaka ba hanyar komawa. Kai da ka zauna a Zariya baka rasa malamin Larabci da zai karanta maka ɓangaren Larabcin, ka kai masa, don in rigima ta tashi na Larabcin ake bi. Fasfonka kuma naka ne, doka bata yarda mai aiki ya riƙe ba.

In kun kai ga kwantiragin, ka nemi sanin wata nawa ake biya a shekara, 12 ko kuwa in ɗalibai sun tafi hutun bazara albashi ma ya tafi hutu. Awa nawa zaka tsaya a aji a sati, don cibiyoyin koyon harshe da yawa aikin a rabe yake, ka shiga da safe a sallame ka da rana ka dawo bayan la'asar har dare, kuɗin motarka ya zama biyu kenan. Doka ta baka hutun kwana 21 a shekara da albashi, amma tikitin zuwa gida duk shekara sai in an rubuta. Akwai lokacin gwaji a farkon aiki da zai iya kaiwa kwana 180, a cikinsa ana iya cewa an gode ka koma, ka auna wannan da filin da ka saida. Giratuti kuma kar ka ɗora masa buri, rabin albashin wata ne akan kowace shekara a shekaru 5 na farko, naka 2,250 kenan a shekara, in kuma kai ka ajiye aikin da kanka kafin shekara 2 babu ko sisi. Lesin ɗin yamma da kake taƙama dashi a nan, can ba a yarda kayiwa wani aiki ba in ba wanda ya kawo ka ba, mutane suna yi a ɓoye amma ba abun sawa a lissafi bane. Kuma ka tafi da guzurin da zai riƙe ka wata biyu, don albashi sai wata ya ƙare, asusun banki kuma yana jiran igama, ita kuma tana iya ɗaukar makonni.

Wani abun da zai ɓata maka rai in ka isa, gara ka ji daga bakina. A harkar koyar da Turanci a waje fasfo ake biya kafin ilimi. Zaka iya samun yaro ɗan Ingila ko Amurka da yayi kwas na wata ɗaya yana ɗaukar ninkin naka a aji ɗaya da kai, kai mai shekara 9 kana gyarawa yara rubutu. Ba adalci bane amma haka kasuwar take. Shine ma amsar abokinka, Koriya ta Kudu bizar koyar da Turancinta kusan ta 'yan ƙasashe 7 ce, Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostareliya, Niyu Zilan, Ayalan da Afirka ta Kudu, babu Najeriya a ciki. Chana ma 'yan irin waɗannan ƙasashen take fifitawa, kuma tun 2021 da ta hana cibiyoyin lesin na kuɗi koyar da darussan makaranta kasuwar ta ragu sosai. Ka bar wannan maganar. Abinda yake ɗan rage ratar fasfo shine takarda, musamman CELTA ta Cambridge, kwas ne na koyon koyar da Turanci na awa 120 da ake kallonka kana koyar da ɗalibai na gaske, in ka dage sati 4 ko 5 ka gama. Tana da tsada, amma in dai za a kashe kuɗi ni gara a kashe a nan da a miƙawa ejan, don da ita da digirinka da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya, zaka iya neman makarantun ƙasa da ƙasa ko shirin share fagen shiga jami'a da kanka, inda ake haɗawa da gida da tikiti.

Filin nan kar ka saida. In ejan ya kasa sauko da kuɗinsa zuwa abinda zaka iya haɗawa da adashi ko rancen ɗan'uwa, to ba rabonka bane, don ko komai ya tafi daidai, bayan ka turo na gida sai kayi wata 5 ko fiye kana aiki kafin ka mayar da miliyan 2 da rabi, shi kuma fili bazai tsaya jiranka a farashin da ka saida shi ba. Ka koma musu da naka tayin, ko su bada masauki akan 4,500 ɗin, ko su ɗora alawus ɗin gida da na mota, da tikiti duk shekara. Ba roƙo kake ba, malami suke nema.

Maiɗakinka kuma kar ka ce mata bata da hankali ko bata son cigabanka, tsoronta yana da dalili, ta ga matan da mazajensu suka tafi da alkawarin wata 6 aka shekara 5 ana gaisawa ta waya. Ka ɗauko takarda da biro ku zauna bayan yara sunyi barci, ka rubuta 4,500 a sama, ka miƙa mata biron ita ta dinga cirewa da hannunta, 1,600, sai 2,000, in ta iso kan 900 ka tambaye ta yadda zata ciyar da mutum 5. Sai ka bata abinda zata riƙe, cewa shekara ɗaya zaka fara yi kai kaɗai, kuɗin gida ranar kaza zai dinga shigowa asusunta ita ba ta hannun wani ba, kuma in igama ta fito ka zauna daidai zaka nema musu bizar ziyarar iyali, wadda babu 400 ɗin wata wata a kanta, suzo suyi 'yan makonni kuyi umara tare. Ka sani dai Riyad ba bayan Harami take ba, tsakaninta da Makka ya haura kilomita 800, tafiya ce ta shiri. Tun gyaran dokar da akayi a Maris 2021 ma'aikaci yana iya canja wajen aiki bayan shekara ɗaya ba sai kafili ya yarda ba, in an cika sharuɗɗa, to shekarar farkon ka ɗauke ta ta neman wajen da yafi, ranar da ka samu aikin da yake bada gida da albashin da zai ɗauki 1,600 ɗin nan bai girgiza ba sai ayi maganar tarewa.

Baba kuma kar ka je masa da labarin miliyan, kuma kar ka tsallake maganarsa. Ka bari sai kwantiragi yana hannunka, an karanta maka Larabcin, an tabbatar bizar aiki ce, fili yana nan ba a taɓa ba, sannan ka je ka durƙusa ka nuna masa, ina kyautata zaton filin da ejan ɗin ne suka tsaya masa a rai ba tafiyar ba. In ka samu takardar ka turo min hotonta ka rufe sunanka da lambar fasfo, sai mu bi ta layi layi.